Famfon Taya Tsakanin Kwalta da Rairayin Dallol

Motar da ta tashi daga Yamai za ta Filinge tana da tafiyar kusan kilomita 180 a gabanta, a kan babbar hanya mai lamba 25 da ta bi ta Hamdallay da Baleyara da Bonkuku. In a cikin garin za ta sauke lodi ta juyo, aikin tayoyinta mai sauƙi ne. Amma yawancin motocin da ke ɗauke da rayuwar ƙasar Kurfai, inda Filinge take, ba a tasha suke ƙarewa ba. Suna sauka daga titi su nufi ƙauyuka, su ratsa rairayin kwarin Dallol Boso, su hau tudun marmara mai tsakuwa, su bi sawun amalanke tsakanin gonakin hatsi inda ƙayar aduwa da ta bagaruwa ke zube, sannan su komo babbar hanya da kaya har saman rufi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana neman tasa iskar daban a cikin taya guda. Shi ya sa tambayar wane famfon iska ya kamata direba ya ajiye a bayan kujera, wadda a wasu ƙasashe ta masu yawon shan iska ce, a nan ta shafi abinci, ta kuma shafi rai. Abin da ya kamata a fahimta shi ne yawancin masu sayen famfo lambar da ba ta da amfani suke dubawa, wato babbar lambar matsin iska da aka buga a jikin kwali, alhali abin da ke yanke hukunci shi ne yawan iskar da famfon zai iya turawa bayan taya ta fara tauri, da tsawon lokacin da zai jure yana turawar kafin ya ƙone.

A Turai da Amurka, masu motocin da aka mai da cikinsu ɗaki, da gado da murhu da tankin ruwa, sun daɗe da sanin wannan matsala. Akan gina irin waɗannan motoci a kan ƙirar Fiat Ducato ko Mercedes Sprinter, kuma saboda kayan da aka kafe a ciki, kullum nauyinsu yana dab da tan uku da rabi, ko ana tafiya ko an ajiye. Tayoyin da aka yi dominsu, masu alamar CP, suna ɗaukar iska har bar 5.5, fiye da ninki biyu na abin da ƙaramar mota ke so. Mai irin wannan mota yakan sayi ɗan famfon da ake sokawa a ramin kunna taba, ya ga yana cika tayar ƙaramar mota lami lafiya, amma da ya kai shi ga tasa sai ya maƙale a tsakiya yana kuka, ya ɗau zafi, fis ya ƙone. Ba a ganin motar ɗaki a Kurfai, amma ƴan'uwanta na nan birjik: Hiace ta fasinja, Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, motar asibiti da ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa Filinge, da motocin kaya masu cin kasuwar Baleyara ran Lahadi. Duka suna tafiya da nauyin da ya kusa iyakarsu ko ya wuce ta, a kan tayoyi masu son iska da yawa, ga kuma zafi da rairayin da mai motar ɗaki a Faransa bai san su ba.

Kafin a kai ga famfo sai a fara da taya, don ita ke faɗin bukatarta. Ma'aunin iska iri uku ne ke yawo a hannun mutane: akwai bar, akwai abin da direbobi da masu faci ke kira kilo, wanda kusan ɗaya yake da bar, akwai kuma PSI da aka fi ji a bakin direbobin Najeriya, kuma bar ɗaya PSI 14.5 ne. Ƙaramar mota takan so bar 2 zuwa 2.5. Tayar Hiace mai lamba 195R15C, wadda harafin C ɗin ke nuna ta kaya ce, an rubuta a gefenta cewa za ta ɗauki kilogiram 950, amma fa a bar 4.5, in iskar ta gaza haka, nauyin da za ta iya ɗauka ma ya ragu. Manyan motocin kaya da tirela suna tafiya tsakanin bar 7 da 9. Lambar gefen taya iyaka ce. Wadda kamfanin mota ya liƙa a jikin ƙofar direba ita ce ta aikin yau da gobe, kuma takan zo kashi biyu, ta mota wayam da ta mota cike. A hanyar Filinge ta biyun ce ke aiki kusan kullum.

To, a jikin kwalin ƙananan famfunan da suka cika kasuwa za a ga an buga 250 PSI, wani lokaci ma 300. Bar 17 ke nan ko kusan 21, ninkin abin da tirela ke bukata. Mai saye yakan ce in dai ya kai haka, ai Hiace wasan yara ce a wurinsa. Lambar ba lalle ƙarya ba ce, sai dai abin da take aunawa shi ne matsin da famfon zai tara in aka toshe bakin tiyonsa, inda iskar da ake bukata ba ta wuce cikin cokali ba. Ɗan fistin da bai fi faɗin babban yatsa ba yana iya kai matsi can sama, kamar yadda sirinjin allura ke yi, amma abin da yake turawa a kowane bugu kaɗan ne, ita kuwa taya rumbu ce da za a cika. Lissafin ba wuya: duk bar ɗaya da za a ƙara yana bukatar a tura iskar waje daidai da girman cikin tayar sau ɗaya. Cikin tayar Hiace ya kai wajen lita 35, don haka daga fayau zuwa bar 4.5 sai an tura kusan lita 160. Tayar Land Cruiser mai lamba 7.50R16 ta kai wajen lita 50. Ta tirela ta haura lita 100, kai ta bar 8 kuwa yana cin iska lita ɗari takwas zuwa dubu. Lambar da ya kamata mai saye ya nema ke nan, wato lita nawa a minti. Ko a nan akwai tarko, domin kamfanoni sukan rubuta litar da famfon ke hurawa a fili, bakin tiyo a buɗe. Da matsi ya fara hawa sai adadin ya faɗi, a bar 4 yana iya komawa rabi ko ƙasa da haka. Kamfanin da ya yarda da kayansa yakan buga jadawali, lita kaza a sifiri, kaza a bar 2, kaza a bar 6. Wanda bai buga komai ba sai babbar lambar PSI, ya dace a yi shakkar kayansa.

Abu na biyu shi ne juriya. Iskar da aka matse takan yi zafi, kuma duk wanda ya taɓa gindin famfon keke bayan ya busa taya ya san haka. A famfon lantarki zafin yana taruwa a kan silinda, kuma masu arha da yawa giyarsu da zoben fistinsu na roba ne mara ƙarko, da sun yi zafi sai su narke ko su saki iska. Kamfanonin kirki suna rubuta rabon aiki da hutu, misali kashi 33 cikin ɗari, ma'ana a cikin kowane minti 30 ya yi aiki 10 ya huta 20. An auna wannan ne a ɗaki mai sanyi, wajen digiri 22. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa a jihar Tilaberi ke haura digiri 42, famfon kuma yana zaune kan ƙasar da ba ta takuwa da ƙafa, juriyar takan ragu ƙwarai. A ɗauki Land Cruiser da ta fito daga rairayi da bar 1.5 a tayoyinta huɗu, ana so a mai da su bar 4. Iskar da za a tura lita 500 ce. Famfon da ke ba da lita 15 a minti a ƙarƙashin matsi zai yi sama da rabin awa yana aiki, in aka haɗa da hutun da yake bukata an doshi awa ɗaya da rabi. Mai ba da lita 50 zai gama a minti 10. Wannan bambanci ya wuce na jin daɗi. Direban da ya san zai yi awa da rabi a tsakar rana, fasinja na gunaguni, yara na kuka, ba zai cika tayoyin ba. Zai hau kwalta da su a laushi ya ce in an kai gari a cika. Ƙaramin famfo ya sa ya rage iska da gaba gaɗi, sannan ya kasa mayar masa da ita, kuma daidai nan haɗarin yake.

Wutar da famfo ke sha ita ce ke tona asirinsa tun kafin a kunna shi. Ramin kunna taba yana bayan fis mai amfiya 10 ko 15, wanda a bolt 12 bai wuce wat 120 zuwa 180 ba, kuma ba a matse lita 50 a minti zuwa bar 4 da wannan ƙarfi. Famfon da zai yi aikin yana jan amfiya 30 ko fiye, shi ya sa yake zuwa da maƙalai biyu da ake kama kan batir kai tsaye, da waya mai kauri da nasa fis. Duk famfon da filoginsa na ramin taba ne, na ƙaramar mota ne da babur, ko me aka rubuta a kwalinsa. Kuma ana kunna shi ne injin mota na aiki, don kada a cika taya a kashe batir a daji. Sai a lura manyan motoci bolt 24 gare su, haka wasu tsofaffin Land Cruiser masu shan gazuwal. Famfon bolt 12 zai ƙone a kansu, in kuma aka kama shi kan batir ɗaya cikin biyun a kai a kai, batiran za su daina tafiya daidai, ɗaya ya riga ɗan'uwansa mutuwa. Sauran abubuwan dubawa ƙanana ne amma ƙasar ta sa sun zama manya: kan silinda na ƙarfe mai haƙarƙarin fitar da zafi, makashin da ke yanke wuta da kansa in zafi ya yi yawa, tiyon da zai kai tayar baya ba sai an ja famfon cikin ƙasa ba, da matacin iska da za a iya cirewa a kakkaɓe, domin ƙurar hunturu in ta shiga silinda aikin sanfefa take yi.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi kowanne yaɗuwa, kuma masu yin sa ƙwararru ne da suka tsufa a kan sitiyari. Suna cewa a lokacin bazara cika taya shi ke fasa ta, gara a rage iska don a bar wa zafi wuri. Rabin maganar gaskiya ne, iska tana kumbura da zafi. Tayar da aka sa wa bar 4.5 da asuba a digiri 25, in tafiya ta kai iskar cikinta digiri 65, ma'auni zai nuna wajen bar 5.2. Amma masu ƙera taya sun riga sun sa wannan hawan a lissafi, kuma lafiyayyar taya tana jure matsin da ya ninka wannan kafin ta fashe. Abin da ba ta jurewa shi ne lanƙwasa. Tayar da iskarta ta gaza, gefenta yana lotsawa ya miƙe a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti, kamar wayar da ake lanƙwasawa a hannu har ta yi zafi ta karye. Zafin da ake gudu daga cikin jikin robar yake tasowa, ya raba ta da zaren ƙarfen da ke riƙe da ita, har wata rana fuskar tayar ta ɓare ana cikin gudu. Shaidar da ta fi shahara daga Amurka ta fito. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer, saboda haɗurran da daga baya aka ƙidaya sun ci rayuka sama da 200. Akwai aibi a ƙirar tayoyin, wannan ba a musu, amma Ford ya ba da shawarar PSI 26 inda Firestone ya fi son 30, kuma haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi irin su Texas da Florida, da ƙasashe irin su Saudiyya da Benezuwela. Zafi da nauyi da gudu da ƙarancin iska ne suka haɗu suka tona aibin. Darasin da majalisar Amurka ta ɗauka shi ne dokar da ta sa daga 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota sai da na'urar gargaɗin raguwar iska, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Na'urar raguwar iska aka wajabta, don ta nan mutuwa ta fi zuwa. Saboda haka direban da ya tsaya a Baleyara da azahar ya taɓa taya ya ji ta yi tauri ya saki iska, ya ƙara wa wutar itace ne. Ana auna taya da sanyinta, da safe ko bayan ta huta awa biyu zuwa uku, in kuma dole ta sa a auna ta da zafi, a ƙara bar 0.3 kan lambar ƙofa. Sauyin yanayi ma yana da nasa rabo: iskar da aka daidaita cikin zafi, da sanyin safiyar Disamba ta zo za a same ta ta ragu da wajen bar 0.3, ban da ɗan abin da kowace taya ke tsiyayarwa a wata ko ba huji.

Inda rage iska yake daidai shi ne rairayi, kuma direbobin Dallol ba sa bukatar a koya musu wannan. In an rage, tafin tayar yana tsawo, nauyi ya bazu, mota ta hau bisa rairayin maimakon ta haƙa wa kanta rami. Haka Ralph Bagnold da abokansa suka yi ta ratsa hamadar Masar da Libiya da motocin Ford tun shekarun 1920 da 1930, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun sa wa motarsu DUKW hanyar da direba zai rage ko ƙara iskar taya daga mazauninsa, don ta fito daga ruwa ta hau yashin gaɓa ta kuma hau titi. Sharaɗin dabarar biyu ne. Na farko a tafi a hankali, kuma kada a rage wa mota mai lodi kamar yadda ake rage wa wayam, domin taya marar tub tana iya sulluɓewa daga rim, mai tub kuma tana iya zamewa ta tsinke bawul. Na biyu a mayar da iskar da zarar an fita. Rabin farko kyauta ne, tsinke ma ya isa a danna bawul. Rabi na biyu ne ke bukatar famfon kirki, kuma don shi ake saye.

Ma'aunin da ke jikin famfo ba abin dogara ba ne. In an zana masa har 300 PSI, tazarar da ke tsakanin bar 4 da 4.5 ba ta fi kaurin allurarsa ba, kuma yayin da famfon ke aiki matsin cikin tiyo yake nunawa, wanda ya fi na taya. Sai an kashe a duba. Buga taya da ƙarfe a saurari ƙara, ko danna ta da ƙafa, yana gano wadda ta sace gaba ɗaya, amma tayar zamani mai zaren ƙarfe tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gane ba. Ma'auni na daban, wanda iyakarsa ta ɗan zarce bukatar motar, bar 7 ga Hiace, bar 11 ga babbar mota, kuɗinsa bai kai na famfo ba, amma in ba shi famfon makaho ne. Zai yi kyau sandikar direbobi a tashar Filinge ta ajiye guda mai inganci da kowa zai riƙa gwada nasa da shi, domin ma'aunin mai faci da ya sha faɗuwa a ƙasa shi ma yana ƙarya ba da saninsa ba.

Ga manyan motocin kaya amsar ta bambanta, kuma ta fi arha. Motar da birkinta na iska ne tana ɗauke da kwamfuresarta a jikin inji, da tankin da ke tara bar 8 ko fiye, kuma da yawa suna da bakin da aka tanada don cika taya. Abin da direba ke bukata dogon tiyo ne mai ƙarfi da ma'auni. Babu famfon batir da zai yi gasa da wannan a kan tayar lita 100. Sai dai tsawon tiyon yana da wani dalili da ya fi sauƙin aiki. Yawancin tsofaffin motocin kaya da Land Cruiser masu tayar tub suna kan rim mai zobe, kuma zoben da bai zauna daidai ba yana iya tashi ana cikin cikawa da ƙarfin da ke kashe mutum nan take. A gareji mai tsari cikin kejin ƙarfe ake cika irin wannan taya. A daji, mafi ƙaranci shi ne bakin tiyo ya zama mai maƙalewa da kansa, a fara da iska kaɗan a duba zaman zoben, sannan kowa ya koma gefe, ba wanda ke fuskantar rim. Yaron mota ne yakan tsuguna a kan tayar yana riƙe da bakin tiyo, kuma shi ne ba a tambaya in za a sayi kayan aiki.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, ga masu faci nan a kowace tasha, da ƴan kuɗi kaɗan za su cika maka. A gari haka ne, kuma kwamfuresar mai faci mai tanki ta fi kowane famfon batir sauri. Famfon mota ba zai raba shi da sana'arsa ba, don cire taya daga rim da facin tub da gyaran babbar ɓaraka suna nan a hannunsa. Amma iyakar rairayi da kwalta ba ta faɗowa a ƙofar rumfarsa, ƙayar aduwa kuma ba ta jiran a iso gari. Arewa da Filinge, ta wajen Tukunus da Abala da Sanam, tazarar da ke tsakanin garuruwa tana ƙaruwa, kuma halin tsaro ya sauya lissafin. Abala na cikin yankunan da aka sa wa dokar ta-ɓaci a 2017, kuma daga farkon 2020 an sha hana zirga-zirgar babura a sassan jihar. A da, in taya ta sace safaya ma ta sace, a ɗora ɗaya a bayan babur a kai ta gari a dawo. Inda wannan hanya ta toshe, ko inda tsayuwa a gefen hanya har magariba ta zama abin tsoro, mota tana bukatar abin da zai tashe ta da kanta. Hujin ƙaya yawanci sannu yake sacewa. Da famfo mai kyau ana iya cikawa a yi tafiyar kilomita ashirin a sake cikawa har a isa. In tayar marar tub ce, da igiyar faci da abin sokata ana toshe hujin tana jikin mota, a cika a wuce, a bar gyaran dindindin sai an je wurin mai faci.

Maganar tsada ita ma gaskiya ce, famfon da aka kwatanta ya ninka ƙaramin kuɗi sau da yawa. Amma da tayar da yake karewa ya kamata a gwada shi, kuma taya ɗaya da ta ɓare kafin lokacinta ta biya shi. Wanda bai da halin saye, famfon hannu ya fi masa ƙaramin na lantarki, in dai ya zaɓi siriri. Ƙarfin da mai bugawa zai sa shi ne matsi sau girman fuskar fistin. Fistin mai faɗin santimita 5 a bar 4.5 yana neman nauyin kusan kilogiram 88, fiye da nauyin yawancin masu bugawar, mai santimita 3 kuwa kilogiram 32 ne. Zai ci bugu wajen ɗari biyar kafin ya cika tayar Hiace daga fayau, gumi ne sosai, amma ba ya ƙonewa, ba ruwansa da batir, kuma fatar fistinsa kowane mai gyaran keke zai sauya ta. Ya cancanci wuri a motar da ke da na lantarki ma. Sababbin famfuna masu cajin kansu kuwa sun dace da babur da ɗan ƙari a tayar ƙaramar mota, amma cajinsu ba ya kai tayoyin kaya huɗu, kuma batirin litiyam yana saurin lalacewa in ana barinsa cikin motar da aka rufe a rana.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa matsalar tayoyin hanyar nan lodi ne da tsufa, famfo ba zai warkar da su ba. Wannan sai a yarda da shi. Tayoyin Hiace huɗu a cikakkiyar iska kilogiram 3,800 ne iyakarsu, in nauyin ya rabu daidai, kuma ba ya rabuwa daidai. Motar kanta ta kusa tan biyu. In aka ƙaddara mutum 19 a kilogiram 65 kowanne, an ƙara 1,235, kafin a ɗora buhunan hatsi da wake da akuyoyi a rufi, mafi yawan nauyin kuma na baya ne ke sha. Ƙara iska fiye da lambar gefen taya ba ya ƙara mata ƙarfi. Haka tayoyin gwanjo da ke shigowa daga Turai: a gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2315 na nufin mako na 23 na 2015. Kamfanin taya na Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta yi biyar, a cire ta in ta kai goma ko zanenta bai goge ba. Tsohuwar taya mai tsatstsagewa ba a amince mata da cikakken matsi ba, ba a kuma amince mata da ƙarancinsa ba. Sai dai yardar ba ta rushe hujjar. Direban haya sau da yawa ba shi ke yanke yawan fasinja ba, ba shi ke sayen taya ba. Mai mota da kuɗin balas da tsadar kaya ne ke yankewa. Iska ita ce abu ɗaya da ke hannunsa kowace safiya, kuma tayar da aka riga aka ɗora wa fiye da ƙima ita ce ba ta da rarar da za ta jure rasa rabin bar. Wannan ya fi shafar motocin asibiti da na hukumomi, inda ake sayen mota da miliyoyi a miƙa ta ga direba da jak da safaya kawai, alhali aikinta shi ne shiga rairayi da dare ta fito ta yi gudu a titi da mara lafiya a baya.

Mai saye a kasuwar Yamai yana iya gwada duk wannan kafin ya biya. Ya zo da motarsa da ma'auninsa, ya rage tayar baya zuwa bar 1.5, ya kama famfon a batir injin na aiki, ya duba agogo har ta kai lambar ƙofa. Tayar Hiace ɗaya bai kamata ta wuce minti uku zuwa huɗu ba. Sai ya maimaita a taya ta biyu nan take ba hutu, ya saurari ko ƙarar ta sauya, ya taɓa wayar wuta ya ji ko ta yi laushi don zafi, ya duba ko tiyon ya fara saki a inda ya haɗu da kan silinda. In na biyun ya ɗauki ninkin lokacin na farko, famfon ba zai kai taya ta huɗu a bazarar Kurfai ba.